Ranar da Aka Datse Jelar Zare

Ranar Litinin da safe Mai Kati ta buɗe ɗakin samfur, ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta ja durowar bana kamar yadda ta saba jan durowa shekara goma sha tara, ta zura hannu. Abin da yatsunta suka taɓa ba ulu ba ne. Leda ce mai sanyi da santsi, an jera su tsaye ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro guda, ta lalubi bakinta ta buɗe, ta fito da ƙyallen saƙar da ke ciki, ta bi gefensa da babban yatsa tana neman jelar zaren da takan bari a kusurwa. Babu jela. An datse ta tas daga gindi. Ta zaro ta biyu, ta uku, ta goma, duk haka. Ta lalubi kujera ta zauna.

Sai an san aikinta za a gane abin da ya firgita ta. Masana'antar ta saƙa ce, injuna takwas a babban zaure, ana saƙa hulunan jarirai da safa da ƙananan barguna. Duk lokacin da aka sauke sabon lodin zare, kafin a ɗora shi kan aiki, sai Doguwa, shugabar masu injin, ta saƙa ƙyalle ɗaya kamar faɗin tafin hannu, ta kawo ɗakin samfur, ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi lambar lodin da ƙarfi kamar tana kiran fasinja. Mai Kati ta rubuta lambar a gaban kati, ta soke katin da fil a jikin ƙyallen. In kaya suka fita kuma, Direba ya leƙo ya ce lodi kaza, katan kaza, an kai wuri kaza, ita kuma ta nemo ƙyallen ta rubuta a bayan katinsa. Hula ba ta da lamba a jikinta, katan kuwa da an sauke shi ake yagewa. Don haka duk duniya babu inda aka san wane zare ya tafi ina sai a bayan katin nan.

To, shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko hazo-hazo take gani, daga baya rubutu ya koma mata baƙin layi kawai. Hannunta bai manta da rubutu ba, tana iya yi, amma karanta abin da ta rubuta ya gagare ta. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko Auta 'yarta ba ta sani ba. Da idonta ta ga yadda aka yi da wani tsoho mai yankan kaya lokacin da hannunsa ya fara rawa: aka taru aka yi masa jawabin godiya, aka ba shi agogon bango, ya koma gida yana kallonsa har Allah ya karɓi abinsa. Ita ba ta son agogon bango. Sai ta samo dabara. Duk ƙyallen da Doguwa ta kawo, takan bar masa doguwar jela ta ƙulla lambarsa a jiki, ƙullin goma-goma kusa da saƙar, ta bar tazara, sannan ƙullin ɗai-ɗai. Lissafin lodi kowace shekara yakan koma ɗaya, kowace shekara da durowarta, don haka jela ba ta yin tsawo. Da yatsa biyu take karatu, kuma ta fi masu ido sauri, har ana yabonta ana cewa Mama ko dubawa ba ta yi.

Mako ɗaya rak ta yi ba ta zo aiki ba. Auta ce ta haihu, bakwaini, namiji, aka sa shi a kwalba a asibitin haihuwa. Kwana bakwai Mai Kati tana tsaye gaban gilashin nan tana cewa, "Kai, hancin babansa ne sak," alhali abin da take gani bai wuce wani ɗan duhu a tsakiyar farin zane ba. A wannan makon ne aka shigo mata ɗaki da almakashi.

Tana zaune a haka ta ji ƙarar takalmin Manaja. Manaja 'yar mai masana'antar ce, tana ƙarama Mai Kati ta sha goya ta a wannan ɗakin. Yanzu ta dawo daga karatu da son tsari, ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai in ta ga abu a karkace ba ta iya barci.

"Mama, sannu da dawowa! Ya mai jego? Ya mijin naki, yana dai ƙara ƙwari?"

"Da sauƙi, Manaja. An ce yau ko gobe za a fito da shi."

"Madalla. To kin ga aiki? Kwana huɗu muka yi ni da sakatare. Duk abin da ke katinki mun kwafe shi a sitika, gaba da baya, mun manna a leda, ba mu bar ko ɗigo ba. Sai dai fa Mama, rubutunki na bana sai a hankali, wani layin har hawa kan wani yake."

"Tsufa ne, 'yar nan."

"Waɗannan jelolin kuma masu ƙulle-ƙulle su suka hana leda rufuwa, na sa almakashi na gyara su. Wai don Allah me ya sa kike ƙuƙƙulla su haka?"

"Don kada saƙar ta warware."

Manaja ta yi dariya. "Ai injin yana rufe bakin saƙa, ba ta warwarewa. Shekara biyu kina wahalar da kanki a banza." Ta tsaya tana jiran yabo, Mai Kati ta tattaro murmushi ta ce an gode, Allah ya yi albarka.

Da Manaja ta fita, Mai Kati ta ɗauki leda ɗaya ta kai ta dab da hancinta, ta juya ta wajen taga. Ta ga farin murabba'i da wasu ɗige-ɗige kamar tururuwa, shi ke nan. Durowa goma sha tara, ƙyalle ya fi dubu, kuma yau ko ɗaya ba ta san sunansa ba. Duk ƙafar da ta gitta ƙofar sai ta kasa kunne. Ta ɗauki tsumma tana goge kantar da babu ƙura a kanta. Doguwa ta leƙo wajen ƙarfe goma ta ce, "Kaka sabuwa, an mai da miki ɗaki kamar kantin magani, saura ki sa farar riga." Mai Kati ta ce, "Ke dai wuce, kada kanki ya fasa mini fitila." Doguwa ta tafi tana dariya, ba ta nemi komai ba, Mai Kati ta sauke wani dogon numfashi.

Wajen sha ɗaya da rabi takalmin Manaja ya dawo, wannan karon da gudu, Direba na biye da ita.

"Mama, fito mini da lodi na arba'in da bakwai, fari, na bana. Masu sayar mana da zare ne suka kira. Wai maganin da suke wanke zare da shi don ya yi fari, wannan lodin ba a ɗauraye shi ba. A wani wuri an sa wa jarirai kayan da aka saƙa da irinsa, da zufa ta taɓa shi sai fatarsu ta tashi ta yi bororo. Dole mu san inda namu ya je."

Mai Kati ta miƙe, ta ja durowar bana, ta zura hannu cikin ledoji, ta tsaya. Yatsunta suna yawo ba su san inda za su ba. Ta ji idon mutum biyu a ƙeyarta. Allah ya taimake ta Manaja ba ta da haƙuri, ta matso ta ture ta a hankali, ta bi da yatsa ta zaro.

"Ga shi nan. Kin ga amfanin tsari? Arba'in da bakwai, huluna katan biyu, shagon kayan yara na bakin tasha. Alhamdulillahi, wuri ɗaya ne kawai." Ta duba maƙwabtansa. "Arba'in da shida, barguna, shagon bayan kasuwa. Arba'in da biyar, huluna katan uku, asibitin haihuwa. Kai, Allah ya rufa asiri da ba wannan ba ne. Direba, maza bakin tasha, ka kwaso duk abin da ya rage, ka tambayi mai shagon ko ya san waɗanda suka saya."

Suka fita. Manaja ta bar ledoji ukun a kan tebur, ta jera su bisa lamba daga hagu zuwa dama, don ko cikin tashin hankali ba ta iya barin abu a hargitse. Mai Kati ta tsaya riƙe da bakin durowa, wani abu da ta binne wata biyu ya taso mata.

Wata biyu da suka wuce, a makon da fararen lodi uku suka zo a jere, ta ja durowar nan da ƙarfi ta zame ta kife a ƙasa. Ta durƙusa ta tattara komai da lalube. Duk ƙyallayen suna tare da katinsu, ban da fararen nan uku, da yake sababbi ne fil bai kama su sosai ba. Kati uku a hannun dama, ƙyalle uku a hannun hagu, ba ta iya karanta ko ɗaya, ga wani yana tahowa a baranda. Sai ta soke su yadda suka zo hannu. Ta ce a ranta ai ba komai, jela tana nan, jela ba ta ƙarya. Bayan haka duk kayan da suka fita, da ƙulli ta nemo ƙyallen gaskiya ta rubuta a katin da ke jikinsa. Ke nan wurin da aka rubuta a bayan kowane kati daidai ne ga ƙyallensa, amma lambar da ke gaba tana iya zama ta maƙwabcinsa. Wannan lambar ce Manaja ta kwafe a sitika da kyakkyawan rubutu, sannan ta datse shaidar.

Mai Kati ta yi ta matsa ƙwaƙwalwarta ko za ta tuna wane ƙulli ta taɓa ranar da Direba ya ce asibitin haihuwa. Ta tuna ta yi murna, har ta ce masa jikanta ma hularsu zai sa. Ta tuna ƙulli huɗu na farko. Bayan tazarar kuwa, biyar ne ko bakwai, wallahi ba ta sani ba. Ba ta taɓa wahalar da kanta da haddacewa ba, tunda jela tana riƙe mata.

Ta rufe ƙofa ta nufi buhun shara na kusurwa, inda ake tara guntayen zare. Ta zura hannu har kafaɗa. Suna nan, ɗaruruwan jeloli a cukurkuɗe, kowace da ƙullinta. Ta yi ta lalube har ta samu wata mai huɗu da bakwai, ta riƙe ta gam kamar ta samo wani abu, sannan ta gane wautarta. Jela ce kawai, ba ta san jikin da aka yanke ta ba. Ta sake ta ta faɗa cikin buhu.

Ta koma tebur ta buɗe ledoji ukun ba tare da ta gusar da su ba. Ta shinshina kowane ƙyalle, duk warin leda suke. Ta murza su, laushinsu ɗaya. Sai maganar Manaja ta dawo mata, da zufa ta taɓa shi. Zufa kuwa yau tana da ita har ta yi yawa. Ta naɗe hannun rigarta na hagu, ta shafi goshinta da kowane ƙyalle har ya jiƙe, ta jera su a cikin damtsen hannunta inda fata ta fi laushi: na ledar hagu kusa da wuyan hannu, na tsakiya a tsakiya, na dama kusa da gwiwar hannu. Ta ɗaure su da salatif ɗin liƙe katan, ta sauke hannun riga, ta zauna tana jira.

Jira ba ya sauri. Injuna suna ta ƙara a zaure, agogon baranda ya buga sha biyu, hannunta shiru, sai ɗan ɗumi. Ta ce wa kanta wataƙila ma katin ya faɗa daidai, ai yana yiwuwa. Ta ce ko da bai faɗa daidai ba, asibiti suna da tsofaffin huluna, ba lalle su buɗe sababbi yanzu ba. Ta ce za ta jira hannunta ya nuna, in ya nuna sai ta san ƙaryar da za ta yi, ta ce warinsa ta ji. Duk wannan lallashin kai ne, ta sani, kuma tsoro bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ta ɗauko waya ta danna maɓallin da ta liƙa wa ɗigon gam don ta riƙa gane shi.

Auta ta ɗauka da murna. "Umma! Yanzu nake shirin kiranki. An fito da shi tun ƙarfe tara, ga shi a ƙirjina. In kin gan shi da hularsa, kamar wani ɗan dattijo."

"Wace hula?"

"Irin taku mana, fara. Yau da safe nas ta buɗe sabon ƙunshi, ta ce tsofaffin sun ƙare. Na ce mata ai a wurin aikin Ummata ake saƙa su."

Mai Kati ta dafa tebur. "Cire masa."

"Na'am?"

"Na ce ki cire masa yanzu. Akwai shuɗiyar da na saƙa da hannu, tana aljihun jakarki na gefe. Ita za ki sa masa."

"Umma, an ce kada a bar kansa a buɗe ko minti ɗaya, sanyi ba ya yi musu kyau. Kuma wannan ɗin ta fi zama masa daidai, taki ta yi masa yawa."

"Ki naɗe bakinta. Auta, ni na haife ki, ki yi abin da na ce. Kishi nake, ban yarda mijina ya sa hular injin ba ga tawa."

Auta ta yi dariya, ta ce ita dai ta ga ikon Allah, tsohuwa da kishi. Aka ji motsin jaka, aka ji ɗan kukan da bai fi na mage ba. "To, an sa masa, hankalinki ya kwanta? Ta rufe masa har gira."

Hankalinta ya kwanta kuwa, na ɗan lokaci. Nata ya tsira, babu wanda ya san komai, ɗakinta yana nan, mabuɗinta yana ɗaure a gefen zane. Abin da ya rage kawai ta ce sai anjima ta kashe waya. Amma Auta ba ta iya sallama da wuri, tana ta ba da labarin nas mai faɗa, kuma a bayan muryarta Mai Kati tana jin ɗakin. Wanda ido ya bari kunnensa yakan yi kaifi. Ta ji wani kuka can nesa, siriri, ta ji wani kusa mai shaƙewa, ta ji wata mata tana cewa yi shiru, yi shiru, me ke damunka yau.

"Ku nawa ne a ɗakin?"

"Mu goma sha ɗaya. Ta kusa da ni 'yan biyu ta haifa, su ma yau aka fito da su."

"Duk an sa musu?"

"Duka. In kin ga jerin fararen kawuna, Umma, gwanin sha'awa."

Mai Kati ta kashe wayar ba sallama. Ta ɗan zauna. Ba jarumta ce ta tashe ta ba, don ba ta ji ko ɗigonta ba, tsoron ne ya sauya wuri, na biyun ya danne na farkon. Ta tattara ledoji ukun a yadda suke, ta hagu a sama, ta dama a ƙasa, ta fita baranda. Taku ashirin da shida ne zuwa ofishin Manaja, ta daɗe da ƙirga su. Yau kowane taku ji take kamar ta juya.

Manaja tana kan waya da Direba, Doguwa na tsaye gefe. Mai Kati ta jera ledojin a kan tebur ta ce, "Manaja, a kira asibitin haihuwa, a cire wa yara hulunan nan yanzu."

"Mama, nasu arba'in da biyar ne. Na karanta miki da bakina."

"Sitikar ce ta ce haka. Sitika kuma daga katina kika kwafa, katin kuwa ban san ko a jikin ƙyallensa yake ba. Durowar ta taɓa kifewa, fararen nan uku suka rabu da katinsu, na mayar yadda na ga dama."

Manaja ta sauke wayar daga kunne. "Yadda kika ga dama? Ba ki duba lamba ba?"

"Ba na gani."

Doguwa ta ce, "Haba Kaka, wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa ba ne. Shekara biyu ban karanta ko harafi ɗaya ba. Ƙullin da kika datse, Manaja, shi ne lambar. Huɗu, tazara, bakwai. Da shi nake aiki. Ba don saƙa ta warware nake yi ba, ƙarya na yi miki da safe. Kada ki tsaya yi mini faɗa yanzu, akwai lokacinsa. Yara goma sha biyu ne a ɗakin can, tun ƙarfe tara hular tana kansu."

Manaja ta ɗauki wata takarda daga tebur ta ɗaga, kamar za ta ce karanta, sai kuma ta ajiye. Ta ga yadda idon matar yake kallon gefen kunnenta, ba fuskarta ba, ta tuna shekara biyu ke nan haka yake kallonta. Ta katse Direba, ta nemo lambar asibiti. Mai Kati ta tsaya tana jin ta tana magana da babbar nas, tana maimaitawa, duka, a cire duka, a wanke musu kai da ruwa mai yawa, kada a buɗe sauran ƙunshin. Sannan ta kira shagon bayan kasuwa ta ce a sauke barguna daga kanta. Doguwa ta jawo kujera ta zaunar da Mai Kati.

Garin zaunarwar ne ta kama mata hannun hagu, Mai Kati ta yi ƙara ta fizge. Tun a baranda take jin zafin, ba ta tsaya ta kansa ba.

"Me ke hannunki?" in ji Doguwa.

Ta naɗe hannun rigar. Doguwa ta ga ƙyalle uku ɗaure da salatif, ta ce, "Innalillahi, ke kuwa me kika yi wa kanki?" Ta fara ɓarewa daga gwiwar hannu. Na farko, fata lafiya, sai sawun salatif. Na tsakiya ma haka. Da ta ɗaga na wuyan hannu sai ta ja numfashi ta haƙora. Wurin ya yi jawur daidai faɗin ƙyallen, har da sawun idon saƙar, ƙananan bororo sun fara tasowa a gefe.

"Wannan daga ledar hagu yake," in ji Mai Kati. "Ban sauya jerin ba. Karanta mini."

Manaja ta ɗauki ledar hagu, ta daɗe tana kallon sitikar da ta rubuta da hannunta. Da ta yi magana muryarta ta koma ta yarinyar da aka taɓa goyawa a ɗakin samfur. "An rubuta arba'in da biyar. Asibitin haihuwa."

Doguwa ta tafi neman ruwa. Mai Kati ta kwance mabuɗin daga gefen zanenta, ta lalubi tebur ta ajiye, ya yi ɗan ƙara a kan katako. Manaja ba ta ɗauka ba, ba ta kuma tura mata shi ba, ta dai zauna ta dafe kai da hannu biyu. Mai Kati ta ce, "Sauran durowar ba ta taɓa kifewa ba, amma kada ki yarda da ni, a sa mai ido ya bi na shekara biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Agogon bango kawai nake roƙo kada a ba ni."

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Auta ce, muryarta a sama, bayanta hayaniya da kukan jarirai da ƙarar ruwa a kwano.

"Umma, me ke faruwa? Nas-nas sun shigo a guje suna cire wa yara hula. Ɗaya daga cikin 'yan biyun nan goshinsa ya yi ja, an tafi da shi wurin likita, amma an ce an tare da wuri. Umma, kin sani ne? Shi ya sa kika ce na cire?"

"Na yi zato. Naki fa?"

"Akwai wani ɗan jan layi siriri a goshinsa inda bakin hular ya zauna. Likita ta duba ta ce zai baje. Da yamma in kin zo za ki gani."

Mai Kati ta juya wa su Manaja baya, ta matse wayar a kunne.

"Ba zan gani ba, Auta. Idona ya daɗe da tafiya, na ɓoye miki. Kwana bakwai ɗin nan da na yi gaban kwalba, ban ga fuskarsa ba ko sau ɗaya. Hancin babansa da nake ta faɗa, faɗa kawai nake."

Auta ta ce a hankali, "Umma."

"Kada ki yi kuka, kina jego. Yana hannunki?"

"Yana nan."

"To ɗaga shuɗiyar hular kaɗan ki dube shi da kyau. Fara daga goshi, ki faɗa mini kamanninsa."

Auta ta ja hanci, ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. "Ai ba hancin babansa ba ne, Umma. Naki ne. Tun ran farko nake jira ki lura."